Numfashin Baba Mai Lambu

A ɗakin masu ciwon ƙirji babu mai kiranta da sunanta na yanka. Sista Kunne ake ce mata, tun daga manyan likitoci har zuwa mai goge ƙasa. Sunan ya samo asali ne wata safiya da ta shigo aiki da jakarta a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a duba mai gado na tara, huhunsa na hagu ba ya ɗaukar iska. Likitan da ke wurin sabon fitowa ne, ya yi dariya ya ce ai yanzun nan ya gama duba shi. Aka ɗauki hoton ƙirji, sai ga maganarta. Daga ranar sunan ya bi ta, shi kuma likitan ya koyi yin shiru idan ta buɗe baki.

To, wannan matar ce jarrabawar Turanci ta kayar har sau biyu, kuma a ɓangaren saurare. In da ranka ka sha kallo.

Shekara ashirin da shida tana aikin jinya, kuma duk da Turanci take yin sa. Da shi take rubuta rahoto, da shi take miƙa aiki ga masu canjinta, da shi take wanke ɗaliban jinya tas idan suka bar tire a kan gadon mara lafiya. Amma asibitin da ya ɗauke ta aiki a ƙasar da Autarta take ya ce shi bai san wannan zancen ba, takarda yake so. Jarrabawar kashi huɗu ce: karatu, rubutu, magana da saurare, kuma kowanne sai mutum ya ci maki bakwai. Uku na farko ta haye su ba tare da ta yi gumi ba. Saurare kuwa shida da rabi take samu, na farko haka, na biyu haka, kamar da mudu ɗaya ake auna mata.

Ba son ƙasar waje ne ya dame ta ba. Auta ce. Shekara biyar ke nan da yarinyar ta bi mijinta can, bayan rasuwar mahaifinta da shekara guda, ta bar uwar ita kaɗai a gida mai ɗaki uku, domin yayyenta maza sun daɗe da yin nisa da nasu iyalan. A can Auta ta haihu, yaron yanzu shekararsa uku, kuma kakarsa ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba. A waya kawai take ganin sa, ta ce masa, “Maigida, yau ma ba cefane?” shi kuma ya manna hancinsa a gilashin wayar har ya baje. Sau biyu ta nemi takardar ziyara aka hana ta. Aikin nan shi ne ƙofar da ta rage, ita ma a ƙarshen watan nan za a rufe ta, don asibitin ya riga ya ƙara mata lokaci sau ɗaya, kuma shekarunta sun kai gaɓar da ba za su sake ɗaukar ta ba. Zaman jarrabawa ɗaya ya rage mata.

Shi ya sa duk ranar Talata da Alhamis, idan ta tashi daga aikin safe, take hawa benen da ke saman wani shagon ɗinki, inda Ticha yake koyar da masu shirin jarrabawar. Ɗakin ƙarami ne, kujerun roba goma sha biyu da fanka mai kukan tsufa, ga ƙarar kekunan ɗinki tana tasowa ta ƙarƙashin ƙafa. Ticha ɗan cikinta ne a shekaru, mutum ne mai fara’a da ya haddace jarrabawar ciki da bai, ko da yake shi kansa bai taɓa zuwa ko’ina ba.

“Mama, matsalarki ɗaya ce,” in ji shi wata rana, yana juya takardarta. “Saurare kike yi.”

“To ba jarrabawar saurare ba ce?”

“Sunan da suka sa mata ke nan. Amma farauta ce. Ki karanta tambayar tukun, ki ga me suke nema, ƙarfe nawa ne, ko wace rana, ko lambar ɗaki. Sai ki laɓe. Da ya gifta ki cafke, ki rubuta, ki manta da mai maganar. Ba ɗan’uwanki ba ne.”

“Mutum yana magana in manta da shi?”

“Wallahi na yi ɗalibin da ba zai iya tambayar hanyar banɗaki da Turanci ba, amma takwas ya ci. Ke kuma kin fi ni Turanci, ga ki nan zaune a kujerar roba. Ba ni na tsara abin ba, Mama, ni dai na san inda yake cizo.”

Ta yi dariya, ta ce za ta gwada. Sai dai hali zanen dutse ne. Abin da Ticha yake so ta bari, shi ne abu na farko da aka koya mata a aikin nan. Tsohuwar shugabarsu ta lokacin da take sabuwa takan kama kunnenta, da gaske take kamawa, ta kai ta bakin gado ta ce, “Tambaye shi ya jiki.” Ta tambaya, mara lafiya ya ce da sauƙi. “Kin ji? Duk da sauƙi suke cewa, har wanda za a rufe gobe. Kar ki bi maganar, ki bi inda ya tsaya ya ja numfashi. Baki yana kara, ƙirji ba ya yi.” Tun daga lokacin, idan mutum yana magana, kalmominsa su ne abu na biyu da ke isa wurinta.

Ticha ya tura mata tsofaffin faya-fayan gwaji a waya, an jera su shekara bi shekara. Tana sa abin kunne a motar haya da safe, ta jingina da taga, gari yana wucewa, ita kuwa tana wata ƙasa. A hankali mutanen cikin faifan suka zama kamar maƙwabtanta. Akwai matar da kullum take neman ɗakin haya ba ta samu, Sista Kunne ta yanke cewa siririya ce mai yawan shan shayi, kuma tana da mura da ba ta warkewa. Akwai ɗalibin da jakarsa ta ɓace a jirgin ƙasa, wanda take jin haushinsa saboda sakaci. Sannan akwai tsohon da ta sa wa suna Baba Mai Lambu.

Shi a faifai uku ya fito, kuma kullum zancensa ɗaya ne: wani lambu na haɗin gwiwa a bayan gari, inda kowa yake karɓar ɗan fili ya shuka abin da yake so. Yakan bayyana inda ake karɓar makulli, da ranakun ban ruwa, da dalilin da ya sa ba a barin buta a kan hanya. Muryarsa mai kauri ce, ba ya sauri, kamar wanda ya gama duk abin da ya zo yi a duniya ya zauna yana ba da labari. Idan ya fara, sai ta ga lambun a gilashin motar, a kan shagunan da ke wucewa: ɗan ɗakin ajiyar kaya mai koriyar ƙofa, famfo yana ɗiga a kan dutse, layin kabeji da raɓa a jikinsa, shi kuma yana tafe a tsakani da hularsa a hannu. Wani lokaci har takan hango kanta a can, ranar hutu, riƙe da hannun Maigida, suna neman fili mai lamba goma sha bakwai. Sau biyu motar tana wuce asibiti da ita.

Amma ko a cikin mafarkin kunnen bai daina aiki ba. A faifan da ya fi tsufa, Baba yana jera kalma goma sha huɗu kafin ya ja numfashi. A na biyu, goma sha ɗaya. A na ƙarshe, na shekara uku da suka wuce, takwas ne, kuma yana yawan gyaran murya. Ta rubuta lambobin a gefen littafinta, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yadda take rubuta zafin jiki a takardar gindin gado, ta nuna wa Ticha.

Ya dafe kai. “Mama, ɗan wasa ne fa. Takarda ake ba shi ya karanta. Babu wani lambu.”

“Na sani. Lambun na ƙarya ne, amma ƙirjin nasa ne.”

“To Allah Ya ba shi lafiya. Ke dai ki cika mini gurbin nan, wace rana ake ban ruwa?”

Ta duba takardar. Ba ta sani ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ɗin jarrabawar ta zo da hadari tun da safe, kafin ta isa wurin an fara yayyafi. Zauren a hawa na uku yake, tebur talatin, kowanne an kange shi da allo hagu da dama kamar rumfar kasuwa. A bakin ƙofa aka karɓe waya da agogo, aka ɗauki hoton fuska, aka duba bayan kunne ko an ɓoye wani abu. Ita da take duba kunnuwan mutane shekara da shekaru, yau ga wata tana ɗaga mata ɗankwali. Ta haɗiye abin, ta zauna a tebur na goma sha huɗu, a tsakiyar zauren, ta kifa abin sauraro a kunne.

Mai kula da jarrabawar mace ce mai tabarau, da ganin ta ta gaji da maimaita magana ɗaya duk mako. Ta ce sau ɗaya ake sa faifan, ba a maimaitawa, ba a tsayarwa.

Sauraren shi ma kashi huɗu ne. Na farko ya tafi lafiya lau. Wani ne yake neman a gyara masa injin wanki, Sista Kunne ta laɓe kamar yadda aka koya mata, lambar gida ta gifta ta cafke, ranar zuwan mai gyara ta gifta ta cafke. Ko fuska ba ta yi masa ba. Kashi na biyu ma haka. Ruwa ya kece a waje, aka yi tsawa, ta ji wasu a layin taga suna motsi, ba ta ko waiga ba. A ranta ta ce, ashe haka abin yake da sauƙi idan mutum ya toshe zuciyarsa.

Sai kashi na uku ya fara, aka ce za a ji shugaban wani lambu yana yi wa sababbin shiga bayani.

Tun kafin ya gama gaisuwa ta gane shi, har ta yi murmushi kamar wadda ta haɗu da ɗan garinsu a tasha. Murmushin bai daɗe ba. Kalma huɗu ya yi ya tsaya. Ya ƙara huɗu, ya tsaya. Masu haɗa faifan sun yanke yawancin numfashin don kada ya dami mai saurare, amma sun bar bakin kowanne, kuma a bakin nan akwai wata ’yar ƙara siririya, irin ta gashi idan aka murza shi kusa da kunne. Ta san ƙarar nan kamar yunwar cikinta. Ruwa ne a huhu, irin wanda ke taruwa idan zuciya ta fara gazawa.

Daga nan zauren ya janye. Ba lambun ta gani ba wannan karon. Wani ɗan ɗaki ta gani marar taga, an lulluɓe bangonsa da soso, Baba yana zaune a bakin kujera ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, don irinsu ba sa iya jingina. Takardar tana kan tebur saboda ta yi masa nauyi. Igiyar takalminsa a kwance take, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Ta ga ya hau matakala bakwai kafin ya iso ɗakin, ya tsaya a ta huɗu yana yi kamar wayarsa yake dubawa. Ta ga gadonsa a gida da matashin kai uku, da matarsa tana tambayarsa, shi kuma yana cewa tsufa ne kawai. Ta bayan gilashi wani yana yi masa alama da hannu ya sake karanta layin, ya sake, ba wanda ya ce masa komai, domin su ma kalmomin suke farauta. Ta matsa kusa da shi. Babu agogo a hannunta, sai ta riƙa ƙirga numfashin da bugun biro a kan yatsa, tana jira ya kai ƙarshen jimla ko sau ɗaya ba tare da ya tsaya ba. Bai kai ba. Ta ji bakinta yana motsi, tana ce masa ya ajiye takardar nan haka, ya isa.

Wata murya mai sanyi ta ce an gama kashi na uku, a juya shafi.

Ta dubi takardarta. Gurbi goma ne, biyu ta cike. A kashi na huɗu ta cafke abin da ta iya, amma ta riga ta san lissafin.

Da aka karɓe takardu, mai tabarau ta tafa hannu ta ce a dakata. Lokacin tsawar nan, in ji ta, wasu na’urorin layin taga sun yi ƙara, mutum biyar sun yi ƙorafi. Saboda haka duk wanda sautinsa bai fita sosai ba ya zo ya karɓi fom, za a soke zamansa na yau, ya dawo Asabar mai zuwa ya sake. Nan da nan layi ya kai mutum goma sha biyu, har da waɗanda suke can jikin bango, nesa da taga. Mai tabarau ta gan su sarai, ta kau da kai.

Sista Kunne ta bari kowa ya watse, sannan ta ƙarasa.

“Sannu da aiki, ’yar’uwa. Tambaya gare ni. Tsohon nan na kashi na uku, ina ake samun sa?”

“Wane tsoho?”

“Mai lambu. Ba shi da lafiya. Ya kamata ya ga likita a makon nan, ba wata mai zuwa ba.”

Matar ta sauke tabaraunta ta dube ta. Ta so ta yi dariya, sai ta ga fuskar ba ta wasa ba ce.

“Hajiya, mu a rufe ake aiko mana da faifan, mu sa, mu mayar. Ban san shi ba, ban san ma yaushe aka ɗauka ba.”

“Sabo ne. Shekara uku da suka wuce bai kai haka ba. Ni ma’aikaciyar jinya ce, aikina ke nan.”

“To ga fom.” Ta miƙo mata takarda ɗaya, ta nuna da biro. “Gida biyu ne, ɗaya ake zaɓa. Na sama, sauti bai fita ba. Wannan a nan yake tsayawa, mai gyaran na’urarmu ya sa hannu, ki dawo Asabar. Na ƙasa, ƙorafi a kan abin da ke cikin jarrabawar. Shi ne ake aikawa can babban ofis inda suke haɗa faifan, amma sakamakonki na yau yana nan daram.”

“In cike biyu mana.”

“Lambarki ɗaya, fom ɗinki ɗaya. Na’urar ba ta karɓar na biyu.” Ta rage murya. “Yaya kashi na ukun ya yi miki?”

“Ban yi shi ba.”

“To ki sa na sama, ki tafi gida. Ba wanda zai tambaye ki a ina kika zauna. Kin dai ga layin da aka yi yanzu.”

Sista Kunne ta koma tebur na goma sha huɗu da takardar ta zauna. Gaba kura, baya sayaki. Asabar mai zuwa tana cikin wata, sakamakon zai fito kwana biyu kafin a rufe ƙofa, kuma da wuya a sake sa mata Baba. Ta yi tunanin ta sa na sama, in ta koma gida ta rubuta musu wasiƙa daban. Amma Ticha ya taɓa gaya musu sau uku yana rubuta wa babban ofishin nan, duk inji ne yake amsa masa da godiya. Ta ɗora bakin biron a gidan sama. A ƙasan takardar akwai layin sa hannu, an rubuta cewa mai sa hannu ya tabbatar abin da ya faɗa gaskiya ne.

Sautin ya fita. Matsalar ke nan, ya fita fiye da yadda suke so. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa sa hannu a ƙarƙashin abin da ba ta ji ba, kuma ba ta taɓa jin irin wannan ƙirjin ta wuce ba ta rubuta ba. Wani zai ce wauta ce, kuma mai faɗin haka bai yi ƙarya ba. Ita ma ta faɗa wa kanta hakan, har sau biyu, sannan ta sauke biron zuwa gidan ƙasa.

Layi shida ta rubuta, irin rubutun da take yi idan za ta tura mara lafiya wurin babban likita. Namiji, ya haura sittin da biyar. Kalma huɗu a numfashi ɗaya, daga goma sha huɗu a faifan farko. Ƙara a ƙarshen shaƙar iska. Ana zargin ruwa a huhu daga gazawar zuciya. A sanar da shi ko iyalinsa, a duba shi cikin gaggawa. Ta sa sunanta da lambarta ta aiki.

Mai tabarau ta karanta a tsaye.

“Wannan Turancin ai ya fi nawa,” ta ce a hankali. “Kin tabbata, Hajiya?”

“Ki dai tabbatar ya tafi.”

“Zai tafi. Da hannuna zan sa shi.”

Da Ticha ya ji labari ranar Talata, tashi ya yi ya zagaya ɗakin ya dawo ya zauna. Can ya ce, “Mama, ni na rasa ma ko faɗa zan yi miki ko in tashi in ba ki kujerata.” Ta ce ya bar kujerarsa, ta zo ne kawai ta yi masa godiya.

Kwana goma sha uku ta yi tana jira, tana kuma yaudarar kanta. Wataƙila biyun da ta cike da na kashi na huɗu su kai ta. Wataƙila wani a babban ofishin ya karanta ya ce wannan ai ta ji abin da ya fi amsa, a ba ta bakwai ɗinta. A motar haya ba ta ƙara sa faifan ba, amma takan rufe ido ta ga takardarta tana tafiya, daga tire zuwa tire, daga hannu zuwa hannu, har ta isa wurin wata mata mai kirki da ta san lambar gidan Baba. Ta ga an buga waya, matarsa ta ɗauka a kicin, ta juya ta dube shi. A wasu ranakun har gadon asibitin take gani, an ɗaga masa kai, an sa masa ƙarin iska, kumburin ƙafar yana saɓewa.

Saƙo biyu suka shigo wayarta ranar Juma’a da hantsi, tana ɗakin ajiyar magani tana jera kwalabe. Na farko sakamako ne. Karatu takwas, rubutu bakwai da rabi, magana takwas, saurare shida. Na biyu daga babban ofis ne. Sun gode da ƙorafinta. Sun binciki faifan, sun tabbatar ya cika duk ƙa’idojin ingancin sauti, kuma muryoyin da suke amfani da su suna nuna yadda masu harshen ke magana a rayuwar yau da kullum. Ba a sami wani dalilin sauya makinta ba. Suna yi mata fatan alheri.

Ta karanta sau uku tana neman inda aka ambaci mutumin. Babu. Ko an gaya masa, ko ba a gaya masa ba, ba za ta taɓa sani ba. Baƙin ciki ya taso mata, ga haushi, ga kunya. Ta ƙarasa jera kwalaben, ta kulle ɗakin, ta ƙarasa aikinta na ranar, domin mai gado na uku yana jiran allura.

Sai da ta koma gida da la’asar, ta cire takalmi ta zauna a bakin gado da kayan aikin a jikinta, sannan ta kira Auta. Kiran murya ta yi, ba na hoto ba. Ta gaya mata komai daga farko, ba ta rage ba, har da gidan sama da na ƙasa.

Auta ta ce, “Mama, tsaya in gane. Sun ba ki dama ki sake, kika ƙi?”

“Sai na ce ban ji ba. Na kuwa ji.”

“Saboda wani tsoho da ba ki taɓa gani ba? Wanda bai ma san kina duniya ba?”

“Ba shi da lafiya, Auta.”

“Mu fa, Mama? Mu lafiyarmu ƙalau ke nan?”

Sista Kunne ta ce, “Ki yi haƙuri, uwata. Ki yafe mini.”

“Ba komai,” in ji Auta, da muryar da ba ta yi kama da ba komai ba. A bayanta ana jin yaron yana buga wani abu a ƙasa yana waƙa. “Dama ban gaya miki ba ne, so nake ki zo ki gani. Mun kwashe kaya daga ƙaramin ɗakin. Na sayi gado, ranar Lahadi babansa ya haɗa shi. Har labule na sa, shuɗi, irin wanda kike so.” Ta ja hanci. “Yanzu ya zan yi da shi?”

Sista Kunne ta share fuskarta da gefen ɗankwali, ta jira har ta tabbata muryarta za ta fita daidai.

“Ki mayar da yaron can,” ta ce. “Ai ya isa kwana shi kaɗai.”